Ranar da Na Raka Alhaji Ganin Littattafan Kakansa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta ƙarshen damina ba, ranar da na raka mahaifin budurwata ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai na jami'ar garinmu, da niyyar in nuna masa cewa ni ma mai ilimi ne. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina neman auren Ramatu. Ni ɗan kasuwa ne, ina da ɗan shagona a unguwar Gurugu inda nake sayar da kayan babur, su taya da sarƙa da fulogi da man inji. A Tamale kuwa, inda tsohuwa ma take hawa babur ta tafi kasuwa da kwandonta a baya, sana'ar tana riƙe mai ita. Sai dai Ramatu ɗalibar jami'a ce a shekararta ta ƙarshe, mahaifinta kuma, Alhaji Sule, irin dattawan nan ne da in ka tsuguna gaishe su sai sun dube ka daga hula har takalmi kafin su amsa. Dillalin shanu ne, gidansa na Kaladan, garkensa na can bayan Kasalgu, amma ba da shanun yake taƙama ba. Taƙamarsa shi jikan malami ne. Kakansa ya biyo fataken goro daga ƙasar Hausa har Salaga, daga baya ya dawo nan ya zauna yana karantarwa, ya rasu ya bar littattafai rubutun hannu cike da wata tsohuwar adaka.

Na daɗe ina zarya gidan. Duk sanda aka taɓa masa maganata sai ya ce, "Ana dubawa." Ni dai na gane abin da ake dubawa. Hannuna ake dubawa, mai baƙin mai a ƙarƙashin farce.

To, littattafan nan gara ta fara lasar su, wata damina kuma rufin ɗakin ya yi yoyo. Ramatu ce ta yi ta lallashin mahaifinta har ya yarda, da ƙyar, ya ba jami'a ajiyarsu. Can aka share su, aka gyara abin da zai gyaru, aka ɗauki hoton kowace takarda, sannan aka aiko cewa ya zo ya ga yadda suka koma.

Ramatu ta kira ni a waya. Ta ce, "Gwiwar Baba na damunsa, ɗakin kuma a sama yake. Yana bukatar mai riƙe shi a matakala. Na ce masa kai za ka zo. Don Allah ka zo yadda kake, kada ka ƙara komai."

Na ce to. Ina ajiye wayar na fara ƙare-ƙare.

Na ciro farin kaftanina na salla. Na jera biro uku a aljihun gaba, shuɗi da baƙi da ja. Na duba madubi na ga da saura. Sai na leƙa shagon maƙwabcina Awudu mai gyaran waya, na ce ya ara mini gilashinsa.

Ya ce, "Cale, abokina, wannan fa ba na gayu ba ne, likita ne ya yanka mini. In ka sa shi duniya za ta koma maka kunu."

Na ce, "Ɗan lokaci ne. Kai dai kawo."

(Awudu ya yi gaskiya, ina so a shaida. Ya faɗa, ya sake faɗa, har ya biyo ni bakin hanya yana faɗa.)

Da safe na tsayar da yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, na nufi Kaladan. Alhaji ya fito da babbar riga da sandarsa, Ramatu na biye da shi. Na tsuguna na gaishe shi. Ya dube ni, ya ɗan jima a kan gilashin.

"Ido ya fara ciwo ne?"

Na ce, "Yawan karatu ne, Baba."

Ramatu ta juya baya tana gyara mayafin da babu abin da ya same shi.

A matakalar laburaren ne na fara gane abin da na jawo wa kaina. Kowane mataki sai in gan shi kusa, in na kai ƙafa sai in ji ba ya nan. Na riƙe hannun Alhaji da sunan taimako, amma kafin mu kai sama ba wanda zai iya rantsewa a kan wa ke riƙe da wa. In na leƙa ta saman gilashin ina gani ras, to amma duk sanda na sauke shi kan hanci sai in ga Alhaji ya waiwayo, sai in yi sauri in mayar.

Mai kula da ɗakin, Madam Azara, mace ce mai fara'a, 'yar Dagomba, da Hausarta irin ta kasuwa. Ta rusuna ta yi masa ina kwana da yarensu, ta ce, "Dasiba, Alhaji." Ya ce, "Naa." Suka gaisa sosai, sannan ta karanto mana dokokin wurin. Ba a shiga da jaka, ba a shiga da ruwa ko abinci, kowa sai ya wanke hannu da sabulu ya goge ya bushe. Har goron da ke aljihun Alhaji sai da ta karɓa ta ajiye masa, ya miƙa yana gunaguni. Ta juyo kaina ta nuna ƙirjina.

"Malam, biro ba ya shiga. Fensir kawai."

Haka na zare su ɗaya bayan ɗaya na zuba a tafin hannunta. Rabin ilimina ya tsaya a bakin ƙofa.

Ɗakin sanyi ƙalau, kamar an buɗe firji. An ja labule, fitilun ma ba su da ƙarfi, wai haske mai yawa yana cinye tawada. Wani ƙamshi ke tashi na tsohuwar fata da takarda, irin na ɗakin kakanni. Ga kantoci na ƙarfe jere da akwatunan kwali, kowane da lambarsa. Can ƙurya wasu ɗalibai sun duƙufa a kan tebur, ba ka jin komai sai motsin takarda.

Madam ta fara zagayawa da mu. Ta nuna wa Alhaji wata tsohuwar taswira da Tamale take ɗan ɗigo a cikinta. Ta buɗe masa hotunan kasuwa na zamanin da inuwar bishiya ce rumfa, ya yi ta nuna wurare yana cewa nan ne ake ɗaure jakuna, nan ne mahauta suke. Akwai jaridun da aka ɗinke shekara-shekara, da kaset-kaset na makaɗa masu ba da tarihin sarakuna. Ni kuwa duk abin da aka nuna hazo nake gani, amma ina gyaɗa kai ina cewa, "Lallai. Ƙwarai kuwa." Har na tsaya gaban wata takarda a jikin bango, na goya hannu a baya, na ce, "Masha Allah, mutanen da sun iya rubutu."

Ramatu ta matso ta raɗa mini, "Bayanin yadda ake kashe gobara ne. Taho."

Aka zaunar da mu a wani dogon tebur, Alhaji a tsakiya, ni a damansa, Ramatu a hagu. Madam ta jera wasu matasai masu taushi da sauran tarkacen aikinta da ban tantance ba, sannan ta ɗauko akwatin farko ta buɗe a hankali. Ta fito da wata gafaka ta fata, ja da ta koma baƙa don tsufa, ta kwance igiyar.

Nan kam ko ni sai da na natsu. Alhajin da na sani, mai taurin fuska, sai ga shi ya matso da kujera kamar yaro. Ya sunkuya ya shaƙi ƙamshin gafakar. Takardun ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne, an jera su a tsanake. Ya nuna wata kusurwa da ta ƙone, ya ce, "Wannan fitilar aci-balbal ce ta taɓa shi. Ina yaro, ina zaune a cinyar babana. Dukan da yayana ya sha ranar nan!" Ya yi 'yar dariya. Ya fara karantawa a hankali, Hausa ce da baƙaƙen Larabci, kakansa yana ba da labarin koguna da suka ƙetara da garuruwan da suka yada zango. Madam ta bar shi yana karatu, ta ce bari ta ɗauko akwati na biyu, mai littafin da aka ɗinke.

Tana fita Alhaji ya goge ido da hannun riga, ya juyo gare ni.

"Malam mai gilashi, idona ya cika da ruwa. Karanta mini ƙananan nan na gefe."

Jama'a, na yi makarantar allo, ina karanta Alƙur'ani bugun inji daidai gwargwado. Amma rubutun hannun mutanen da, ƙanana, ga kuma gilashin Awudu a hancina? Abin da na gani tururuwa ce ta yi jerin gwano a gefen takarda. Gumi ya keto mini a cikin sanyin nan. A zuciyata na ce, ya Allah ka kawo mini mafita ta ko'ina. (Tun daga ranar na koyi yin addu'a dalla-dalla.)

Na yi gyaran murya. Na matso da kujera. Na kafa gwiwar hannu a kan tebur kamar yadda na ga manyan malamai na yi, na sunkuya. Sai na ji gwiwar hannuna ta ture wani abu. Abin ya yi sululu, ya bi bakin tebur, ya zame ƙasa da kansa a hankali, ya faɗo tim a kan ƙafata. Takalmi buɗaɗɗe na sa. Na ji shi da sanyi, da nauyi, da santsi, ya kwanta a kan yatsuna ya lanƙwasa ta idon sawu. Na leƙa ƙarƙashin tebur. Baƙi ne, dogo.

Ni kuwa duk abin da Allah ya halitta ina iya zama lafiya da shi, ban da wannan.

"Wayyo Mma! Maciji! Maciji!"

Ni da gemuna, a gaban mutumin da nake neman 'yarsa, uwata na kira. Ban san sanda na yi sama ba, na dai tsinci kaina tsaye a kan kujera, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya tafi inda Allah ya nufa. Ɗaliban ƙurya suka watse, wata ta yi waje tana salati.

Na juya in ce wa Alhaji ya ɗaga ƙafa, sai na ga babu kowa a zaune. Alhaji Sule, wanda aka ɗauko ni musamman don in taimaka masa hawa matakala, yana tsaye a kan kujerar da ke kusa da tawa, kafaɗa da kafaɗa da ni, ya tattare babbar riga har gwiwa.

"Ina yake? Ina yake?"

"Ga shi nan, Baba, ƙarƙashin tebur!"

Ya cusa mini sandarsa. "Kashe shi! Kai ne yaro! Kan za ka nema, kan!"

Na duƙa daga kan kujerar na fara kai duka. Na farko ya sami ƙafar tebur. Na biyu ya sami takalmina. Na uku ya same shi a tsakiya, na ƙara, na ƙara, Alhaji na riƙe da wuyan kaftanina kada in faɗi yana cewa, "Yauwa! Ƙara masa!" Can sai abin ya fashe. Wasu ƙananan abubuwa masu ƙyalli suka tarwatse a daɓen, suna gangarawa ko'ina, carrr.

Alhaji ya ƙara tattare riga. "La ilaha illallahu! Macijiya ce! Ga ƙwai nan!"

Duk wannan bidiri Ramatu ba ta ce uffan ba. Na ɗauka tsoro ne ya ɗauke mata murya. Ashe ta rufe akwatin takardun ta rungume shi, ta kifa kai a kan murfin, kafaɗunta na girgiza. Ta sha zuwa ɗakin, ta san ko mene ne, tana so ta yi magana dariya ta hana ta numfashi.

A haka Madam Azara ta same mu. Ta tsaya a bakin ƙofa da akwati a hannu, mai gadi na bayanta da tsintsiya a ɗage. Ta dubi dattijo a kan kujera, ta dubi saurayi a kan kujera da sanda, ta dubi ƙasa. Ta ajiye akwatin, ta je ta buɗe na Ramatu ta duba takardun ɗaya-ɗaya. Lokacin ne na gane ɓarnar da na kusa yi. Da sandar nan ta kauce ta sauka a kan tebur, da na gama da abin da gara da ruwan sama suka kasa gamawa da shi, kuma da ko hanyar Kaladan ban sake bi ba.

Ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi, babu abin da ya taɓa." Sannan ta sunkuya ta ɗago gawar da yatsu biyu. Wani siririn baƙin ƙyalle ne, ya yi laƙwas.

"Wane ne ya kashe mini abin danne littafi?"

Ta yi mana bayani tana danne dariya. Ƙyalle ne ake ɗinkawa dogo kamar igiya, a cika shi da ƙananan ƙwayoyin dalma. In an buɗe tsohon littafi sai a ɗora masa a gefe, ya riƙe shafin kada ya rufe, ba sai an danna da hannu ba. Ta fito da shi ne saboda littafi na biyu.

Ta ce, "Mu ma a wurin aiki maciji muke ce masa. Amma Malam, kai ne mutum na farko da ya yarda."

Mai gadi ya sauke tsintsiya ya juya. Ina jin dariyarsa tana sauka matakala.

Na sauko a hankali. Na so ƙasa ta tsage. Sai na ji an ce, "Kai." Na ɗaga kai. Alhaji na nan a sama. Hawan da ya yi cikin ƙiftawar ido, saukowa ta gagara, gwiwa ta tuna da ciwonta. Na cire gilashin na sa a aljihu, na rungumo shi kamar buhun masara na dire shi a ƙasa. Muka tsaya muna kallon juna, karo na farko da na ga fuskarsa sosai tun safe.

Na ce, "Baba, gilashin ba nawa ba ne."

Ya ce, "Na sani. Tun a matakala kake taka iska."

"Rubutun nan ma ba zan iya karanta shi ba."

"Wannan ma na sani."

Sai gemunsa ya fara rawa. Ya yi ƙoƙari ya riƙe, ya kasa. Ya zauna ya fashe da dariya har da tari, yana nuna ƙasa yana cewa, "Ƙwai! Ni da bakina na ce ƙwai!" Ramatu ta ce rabon da ta ga mahaifinta yana dariya haka tun tana firamare.

Da rarrafe na bi ɗakin nan ina tsince ƙwayoyin dalma, farin kaftanina na sharar daɓe, ɗaliban da suka dawo suna taya ni suna ƙunshe baki. Na roƙi Madam ta ba ni su da ƙyallen, na yi alkawarin kai wa tela. (Na cika alkawari. Fari fat na sa aka ɗinka, saboda na baya.)

Abin da ban zata ba, sauran ziyarar ta fi farkonta daɗi nesa ba kusa ba. Da idona na Allah na ga abin da na zo gani. Tawadar ruwan ƙasa ce, an yi wa wasu kalmomi ado da ja, layukan a miƙe kamar an ja su da zare. Alhaji ya jawo ni kusa, ya ɗora yatsa a iska a saman layin, don Madam ta hana taɓawa, yana nuna mini yadda mutanen da suke lanƙwasa baƙaƙensu. Ƙananan na gefen nan da suka kusa kashe ni, ashe kakan ne yake ƙorafin cewa almuru ta yi kuma sauro ya hana shi rubutu. Da taimakonsa na haɗa kalma ɗaya da kaina, na karanta ta da ƙarfi. Ya ce, "To, ka gani." Madam ta tura wa Ramatu hotunan shafukan a waya, ta mayar wa Alhaji goronsa, ni kuma birona.

A hanyar komawa Ramatu ta tsaya makaranta, wai tana da lacca. Muka shiga yalo-yalo ni da Alhaji. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, abin da bai taɓa yi ba. Sai da muka kusa gida ya yi gyaran murya, yana kallon hanya.

"Abin da ya faru a can, ya tsaya a can."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

"Ni ban hau kujerar kowa ba."

"Ban ga ka hau ba, Baba."

Ya tauna goro. Ya ce, "Ka gaya wa manyanka su zo ranar Juma'a bayan an sauko."

Na ji kamar in faɗo daga keken. Na fara jero godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Kada ka ɗauka wani abu ne. Mutumin da ya gan ni tsaye a kan kujera da riga a gwiwa, ba zan bar shi yana yawo a gari ba. Gara ya shigo gida inda zan sa masa ido."

Muna shiga gidan na ga alamar mun makara. Mahaifiyar Ramatu na tsakar gida da waya a hannu, idonta jajir da hawayen dariya, tana yi mana sannu da zuwa muryarta na karkarwa. Ta tambayi Alhaji ya gwiwa. Ya ce da sauƙi. Ta ce, "Haka na ji." Ta shige kicin da sauri.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Labarin kuwa babu wanda bai sani ba a dangi, daga Kaladan har masu kiwo a Kasalgu. Amma har yau ba wanda ya taɓa tsokanata da shi a bainar jama'a, don duk wanda ya fara ba da labarin kujerata dole ya iso kan ta kusa da ita, a nan kuwa kowa yake yin tari ya canza magana.

Abin da na koya ke nan. Kunya dai ba a guje mata, ranarta in ta zo ta zo. Amma in za ka ji ta, yi ƙoƙari ka ji ta tare da babban mutum.